Tsibirin Tunkiya Ɗaya

A Garwa, bayan la'asar, a Rumde Ajiya,
cikin shagon gyaran waya na Yawuba,
akwai kwamfutar da ta girmi ɗan farinsa,
fankarta na kuka kamar tsohon babur a hawa.
Mu huɗu ne, linzami ɗaya,
kowa ya taka nasa, ya miƙa wa na kusa.

Na'ura ke raba duniya,
ba ta karɓar goro, ba ta jin magiya.
Ta ba Sali bakin kogi da alkama da dawaki,
ta ba Asta gindin dutse mai tama da zinariya,
Yawuba ya faɗo kurmi yana dariya.
Ni da na danna, hazo ya yaye:
tsibiri.
Taku uku ne tsawonsa, biyu faɗinsa,
da tunkiya ɗaya a kai, tana kallona
irin kallon da mai bin bashi ke yi a bakin zaure.

Na kafa birni duk da haka.
Na naɗa tunkiya Waziri, don babu kowa.
Zagaye arba'in ina koyon sassaƙa kwalekwale
a ƙasar da ba ta da ko tsinken sakace.
Asta ta gina ganuwa, Sali ya ƙera majaujawa,
ni kuma rahoton masarauta ya iso gabana:
an samu ulu.

Ran Talata na ce a sake rabo.
Aka sake.
Ni, ɗan Garwa, inda kwalta ke laushi a Afrilu,
inda ruwan randa ke isa a dama koko,
aka jefa ni ƙasar ƙanƙara.
Gumi na ɗiga daga haɓata kan madannai,
talakawana a allo suna mutuwa da sanyi.
Yawuba ya ce, tura musu da fankar nan baya,
ko ka hura musu iskar shagon, su sha.

Ta Laraba ba ta da tsawo.
Na sauka, na waiga, 'yan fashi a hagu,
'yan fashi a dama, sansaninsu uku.
Zagaye na biyu suka ɗauke mai kafa garin
da ƙunshinsa a ka.
Daular da na yi wa suna tun a gida
ta faɗi kafin shayin Sali ya huce.

Ta Alhamis dutse ne, kyakkyawa, ƙasa baƙa wuluk.
Na ce, yau dai! Na yi gona a gindinsa.
Asta ta ce, hayaƙin mene ne wancan?
Na ce, girkin mutanena.

Sai Asabar.
Wallahi sai da hannuna ya yi rawa.
Koguna biyu sun haɗu a ƙofata,
shinkafa, gishiri, giwaye, ƙarfe,
maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiyar wata.
Sali ya yi shiru. Yawuba ya ajiye kofi.
Na miƙe na gyara wuyan riga,
na ce kowa ya fara tunanin harajin da zai biya,
na ɗora yatsa kan linzami,
aka ɗauke wuta.

Fanka ta ja numfashi biyu ta tsaya.
Cikin duhu wani ya fara, ban san ko wa ba,
har mai soya da ke waje ya leƙo ya taya.
Ba a adana ba. Wa ke adana zagayen farko?

Na bi ta gadar Binuwai don kada in haɗu da kowa.
Can ƙasa wata dorina ta fito da ido,
ita kaɗai kan ɗan yashi, ruwa ya kewaye ta.
Na ce, sannu, Waziri.
Gobe ma da la'asar ne. Ki riƙe min garin.